Ƙari a Dilar Garba

Akwai wata cuta da ke kama mai yawan kallon aikin wasu: sai ya ɗauka shi ma ya iya. Ita ce ta kama Garba na Makera.

A shekarun da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, Garba yakan sayi sharar auduga, a matse masa ita a inji ta zama dila, ya aika wa wani mai katifa a Kafanchan. Mutumin ya riga ya ja masa kunne: in aka sake kawo masa kaya da ragi, cinikinsu ya ƙare.

Ran nan an kawo dila gida, tana ɗaure tamau da ɗamarar ƙarfe, sai ga buhu guda na auduga an manta da shi a bayan ƙofa. Mamman direba mai kai masa kayan kuwa ya ce wurin dila ɗaya gare shi a mota, kuma da la'asar zai tashi.

George maƙwabcinsa, wanda ke aiki a kan injin, ya leƙo.

"Malam Garba, ƙari sai a bakin inji. Shi zai danne ta, a kwance, a zuba, a sake ɗaurewa. Ka bari gobe."

"Gobe mota tana Kafanchan. Me injin nan yake da shi in ba nauyi ba? Nauyi kuwa akwai shi a gidan nan."

Ya kira matarsa Hadiza, ya roƙo Juliana matar George, wadda duk layin babu mai jikinta.

"Wato ni ce injin?" in ji Juliana.

"Haba Madam, ai girmamawa ce."

Suka hau dilar suka zauna, ya ɗora wa kowace turmi a cinya. George ya ce shi dai daga waje zai yi kallo.

Garba ya sa zarto ya yanke ɗamara ta farko. Dila ta yi nishi.

"Malam, abin nan yana motsi," in ji Hadiza.

"Ki danne kawai!"

Ya yanke ta biyu. Sauran ba su jira zarto ba. Aka ji fam! Hadiza ta tsinci kanta a kan gado, Juliana ta fita tare da ƙyauren ɗaki, auduga ta bi ta har bakin titi. Garba sai ta tari aka gano inda yake.

Da Mamman ya iso, ya dubi tsakar gida fari fat, ya ce, "Sannu da ƙari," ya ja motarsa.

Ga abin da Garba ya rasa: ƙyaure ɗaya, turmi ɗaya da ya tsage, haƙori biyu, mai katifa na Kafanchan, da gaisuwar Juliana. Maƙwabta suka taya shi kwasa da zuciya ɗaya, amma rabin audugar kawai ya koma buhu. Kafin mako ya zagayo, babu gidan da bai yi sabon matashi ba a layin, sai na Garba.