Mangala Ɗaya a Rana

"Wai jakin nan ne zai kwashe wannan tsibin? Liti, dubi tsibin, sannan ka dubi jakin."

Salman ne yake magana ta saman katangar da ta raba gidajensu, ya taka wani tsohon bulo don kansa ya leƙo. A cikin garka, maƙwabcinsa Liti yana zaune a kan kifaffen turmi, sanda a tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon Ashiru mai jaki yana danna shara a mangala.

"Na dube su duka biyun," in ji Liti. "Kai ne dai ba ka yi sallama ba."

"Salamu alaikum. To, ba ni amsa."

"Wa alaikumus salamu. Mangala ɗaya a rana ta ishe ni."

Ashiru ya yi dariya yana ɗaure bakin mangalar. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, kuma takin nan gonarsa yake kaiwa, Liti ya bar masa shi kyauta.

"Baba Salman, ni ma fa na gaya masa zan iya sahu huɗu kafin azahar. Ya ce sam. Sahu ɗaya, da hantsi, kuma sai na shigo har tsakar gida na yi sallama ya amsa, kana in taɓa ko ganye ɗaya."

Garkar ta Kande ce, matar Liti. Shekara uku da rasuwarta ba wanda ya sa mata hannu, sai bana da bazara ta kama Liti ya sa aka sassabe ta. Karan kuɓewa da na rama, busasshen yaɗon kabewa, ganyen mangwaro na shekara da shekaru, toka, da kashin awakin da tuni aka sayar da su, duk aka tara a kusurwa ɗaya. Tsibi ya kai kafaɗar mutum, ya jingina da katangar Salman.

Shi kuwa Salman shekara talatin ya yi yana lodin gyaɗa a kasuwar Rogo, in ya dubi kaya sau ɗaya ya san abin da zai ɗauke su. Tun ranar farko ya auna tsibin da ido. Baro wasan yara ne. Amalanken shanu zai yi sahu biyar. Tifa ba za ta shiga lungun ba, ko ta shiga rabinta zai tafi fanko. Abin da ya dace ita ce 'yar motar a-kori-kura, sahu biyu an wuce wurin. Amma mangala ɗaya a rana? Wannan sai kwana ashirin, in ma jakin bai yi ciwo ba.

Da Ashiru ya kora jakinsa ya fita, Salman ya sake tasowa da maganar.

"Rowa ce ko taurin kai? In don abin da za a ba direba ne, ni zan ji da shi."

Liti ya daɗe yana zana ƙasa da bakin sanda. Tun ƙaramar salla gwiwoyinsa suka hana shi zuwa masallaci. Da fari mutane sun riƙa shigowa dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke, kamar yadda ta saba ɗaukewa. Ɗansa guda, Abdulmutalib, yana aiki a Fatakwal, ran Juma'a yake bugo waya. Abinci kuwa Liti da hannunsa yake dafa wakensa, ya ƙi kwanon gidan kowa tun da aka rufe Kande.

"Ka tuna mai gyaran rediyon nan na Tudun Kaya?" in ji shi. "Kwana uku yana kwance a ɗaki, mutane suna wucewa ta ƙofarsa. Ba mutuwa nake tsoro ba, Salman, wannan dole ce. Ba na dai son hancin mutane ya riga idonsu jin labarina. Muddin tsibin nan yana nan, akwai mai yi mini sallama kowace safiya."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan? Ga ni nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ko tari ka yi ina ji."

"Ƙofarka gabas take kallo, tawa tana cikin lungu. Rabon takalminka da zaurena tun ƙaramar salla. Yau ma tsibi ka leƙo gani, ba ni ba."

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi wa Salman zafi. Ya sauka daga kan bulo.

Kwana huɗu Ashiru yana zuwa, tsibi kamar ba a taɓa shi ba. Ran Talata da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, sannan ya watse bai zubar ba. Salman ya tsaya a tsakar gidansa yana duban katanga. Ta ƙasa ce, tun ta mahaifinsa. In ruwan farko ya samu wannan shara a jikinta za ta sha ta ƙoshi, ba za a kai tsakiyar damina ba sai ta kwanta. Ga macizai kuma.

"Gobe zan kira Sulle da motarsa," ya ce wa matarsa Maiturare.

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Malam Liti ya yarda?"

"Alheri zan yi masa. Sai an nemi iznin mutum kafin a yi masa alheri?"

"Garkarsa ce dai, Malam."

"Katangata ce kuma."

Laraba da sassafe a-kori-kura ta shigo lungun da baya-baya, madubinta yana gogar gini. Sulle direba ya taho da ƙarti biyu masu shebur. Salman ya zagayo ta zauren da ya kwana biyu bai taka ba, ya tsaya yana ba da umarni kamar yadda ya saba a Rogo: kara a ƙasa, ganye a tsakiya, toka a sama don ta danne. Ya yi daidai ƙwarai. Sahu biyu cif, ko kwando ɗaya bai ragu ba, aka juye duka a gonar Ashiru.

Liti yana kan turminsa tun daga farko har ƙarshe. Bai hana ba, bai kuma ce a yi ba. Da hantsi sai ga Ashiru ya shigo da sallamarsa, mangala a kafaɗa, ya tsaya yana kallon ƙasa fetal.

"Ikon Allah! Baba, ina tsibin?"

"Ya riga ka zuwa gona," in ji Liti. "Ka huta, Ashiru. Ka gai da gida."

"To, Baba, na gode. Zan dai riƙa leƙowa."

"Na sani."

Ashiru ya fita. Salman ya karkaɗe rigarsa, ya tsaya yana jiran abin da ake faɗa wa wanda ya yi wa mutum aiki.

"Ka gama?" in ji Liti.

"Na gama. Dubi wuri, kamar filin idi."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Salman ya koma gida ransa a ɓace. Mutum ya tashi da asuba, ya nemo mota, ya sha toka har cikin maƙogwaro, a sallame shi da "to"? Da yamma, yana alwalar magariba, ya jiyo ƙarar tsintsiya a bayan katanga, a hankali, ana yi ana hutawa.

"Ko me ya rage da zai share, oho," ya ce.

"Ka leƙa mana ka gani," in ji Maiturare.

"Ba na leƙa wanda bai san na gode ba."

Ran Alhamis bai leƙa ba. Sau biyu ya bi ta wajen bulon nan, sau biyu ya ɗauke kai. Ya ce a ransa, bari shi ma ya ɗanɗana, gobe in an sauko daga masallaci sai in shiga. Bai ji tari ba, bai ga hayaƙi ba, amma mai fushi ba ya lura da abin da bai ji ba.

Juma'a ya je Karaye ya yi salla ya dawo cikin zafin rana. Yana cire hula sai ya jiyo waya tana ƙara a gidan Liti. Ta yi ta yi ta katse. Ta sake kamawa. Ta katse. Da ta kama a karo na uku Maiturare ta ajiye ludayi ta dube shi, shi ma ya dube ta. Bai tsaya neman takalmi ba.

Ƙofar zauren a sakaye take, ba a sa sakata ba. Liti ba ya sa sakata, Salman sai yanzu ya gane dalili. Ya yi sallama a tsakar gida sau uku. Tukunyar wake tana kan murhu, tokar ta huce tun tuni. Tun kafin ya ɗaga labulen ɗakin ya sani, kuma ta hanyar da Liti ya ce ba ya so a sani.

Yana kwance a kan tabarma, ta gefen dama, fuskarsa tana alƙibla, carbi a wuyan hannu. Ya shirya kansa tsaf, kamar wanda ba ya son ba kowa wahala. Wayar tana kusa da kansa tana haske. Salman ya ɗauka.

"Baba? Baba, tun ɗazu nake kira."

"Abdulmutalib, Salman ne." Ya durƙusa kusa da tabarmar. "Sai haƙuri, ɗana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ba a jira kowa ba, zafin bazara bai bar wannan damar ba. Masu wanka suka aiko a ƙaro turare, liman ya ce a hanzarta. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi kusa da Kande. A wurin zaman makoki mutane suna ta cewa, ai shekaranjiya ma an ga mota a ƙofarsa, Malam Salman ne ya sa aka gyara masa garka, Allah ya saka wa maƙwabci irin wannan. Salman yana amsawa da amin, idonsa a ƙasa. Wani ya tambaya ko yaushe abin ya faru, wani ya ce Allah kaɗai ya sani. Ba wanda ya ƙara tambaya.

Washegari da safe, kafin masu gaisuwa su taru, Salman ya shiga garkar shi kaɗai. Turmin yana nan a kife. A gabansa, nesa da katanga sosai, ga wani ɗan tsibi: ganyen mangwaron da ya zubo bayan tafiyar mota, guntayen kara da aka tsinto ɗaya-ɗaya, da tokar murhu a sama don kada iska ta kwashe. Tsintsiya tana kwance a gefe. Salman ya auna shi da ido, don ido ba ya mance aikinsa. Mangala ɗaya ce, ba ƙari ba ragi.

Yana nan tsaye ya jiyo takun kofato a lungu. Ashiru ne zai wuce gona. Da suka zo daidai zauren sai takun ya tsaya.

"Mu je," in ji Ashiru a hankali. "Mu je mana, babu kowa."

Jakin bai motsa ba. Ya sa kansa a bakin ƙofar, kunnuwa a miƙe, yana jira.