Ƙafar Dama a Gaba

A bakin mai burodi na fara jin cewa kamfanin da ke ƙera mana allon sulu ya karye, ban kuwa yarda ba, don matar nan ta taɓa kashe limamin cocinmu da baki alhali mura ce kawai ke damunsa. Sai da na koma gida na tarar da mijina Wendelin zaune a kicin, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, yana kallon bango. Nan na san gaskiya ne.

A cikin masu sulu da allo daga kan dutsen ƙanƙara, mu da ake kira masu yankan ƙanƙara ba mu da yawa. Yaran yanzu allon sulunsu mai faɗi ne, takalminsu mai laushi, aikinsu tsalle-tsalle. Mu namu allon siriri ne, takalmin kuma da tauri, mukan kwantar da jiki har gwiwar hannu ta shafi dusar ƙanƙara, gefen allo ya ja layi guda a bayanmu. Ƙaramin kamfanin da ke gindin kwarinmu ne kaɗai ya rage yana ƙera irin wanda muka saba da shi, wanda ake yanka kowane allo daidai da ƙafar da mai shi ke sawa a gaba. Wendelin hagu yake sawa, ni dama. Nawa allon yana rataye a gareji tun da aka yi mini aiki a ƙugu, likita ya ce na gama. Nasa kuwa ya tsage a ƙarshen hunturun bara, ya kai musu gyara. Allon na cikin ginin aka rufe ƙofa.

Muka je karɓowa. Wani lauya da kotu ta ɗora a kan kayan ya tare mu a ƙofa, sanye da takalmin ofis a cikin ƙanƙara.

“Allona ne,” in ji Wendelin. “Gyara na kawo.”

“Na fahimta, yallaɓai. Sai dai duk abin da ke ciki yanzu ba na kamfanin ba ne.”

“To ai shi na ce. Nawa ne.”

“Ba naka ba ne tukuna.”

“To na wa ne?”

Lauyan ya ce zai bincika. Ni dai na ja hannun tsohon muka tafi kafin in faɗi abin da zai sa a rufe ni tare da allunan.

Daga nan kowa da nasa labarin. Ortwin, abokin Wendelin tun suna yara, ya rantse mutanen Swizalan sun saye kamfanin. Washegari shi ɗin dai ya ce ’yan Japan ne. Wani ya ce an narkar da ƙarafan da ake zuba allunan a ciki, wani ya ce suna ɓoye a rumbun mai kamfanin. Manyan mutane masu furfura suka koma sayen tsofaffin kusoshi da igiyoyin takalmi suna tarawa, har da waɗanda ba su san inda za su shiga ba. Ranar da aka yi gwanjon kayan kamfanin kuwa, kafin mu sami wurin ajiye mota an kwashe allunan hagu kaf. Na Wendelin mai tsaga, wani mai gidan abinci ya saye shi cikin tarkace. Har yau yana kafe a bango, saman ƙofar ban ɗaki.

Ƙanƙarar farko ta sauka, Wendelin bai ko leƙa taga ba. Mutumin da tun asuba yake tayar da ni da ƙarar takalmi ya koma zama gaban talabijin yana kallon yadda ake dafa kifi. Ya rame, ya daina yi mini musu, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Ni kaina na rasa abin da nake so. Shekaru ina addu’ar ya bar dutsen nan kafin ya karya wuya, ga shi ya bari, ni kuma na kasa barci.

Wata safiya na sauko da allona na jefa masa a ƙafa.

“Traudl, na dama ne fa.”

“Ina da ido.”

“Da tsufana zan koyi juyawa?”

“To zauna ka koyi dafa kifi.”

Ya ɗauka. Makon farko abin dariya ne, abin tausayi. Jikinsa na son hagu, allon na son dama, sai su rabu a tsakiyar hanya. Ortwin ya riƙa binsa yana ihu: “Kai tsoho, ina gabanka, ina bayanka? Ka faɗa mana mu san inda za mu kauce!” Ya dawo gida duk jiki ya yi tsami, amma ya cinye abinci tas, har ya ce miyar ta yi gishiri. Na ji daɗin zagin miyar nan ƙwarai.

Abu ɗaya ya rage, wato Hanyar Akuya. Siririyar hanya ce da ke saukowa daga dutsen zuwa bayan gidanmu, gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen rami mai zurfi da rafi a ƙasa. Duk rayuwarmu ta nan muke dawowa gida, muna jere. Da yake shi hagu yake sawa a gaba, ni dama, muna fuskantar juna ne: shi yana gefen ramin ya ba shi baya yana surutu, ni ina gefen bango fuskata na kallon wajen ramin. Kullum sai ya tsokane ni: “Matsoraciya, saki jikinki mana, hanyar nan ko jariri ya bi.”

Ran da ya ce zai biyo ta da allona, na fita da sandata na tsaya a ƙarshen hanyar ina jira. Na hango shi ya shigo lafiya. Da ya kai inda hanyar ta fi matsewa sai ya tsaya cik. Na ɗaga masa hannu, bai motsa ba. Na rasa ko ƙafarsa ce, ko zuciyarsa, ko wani sabon iya shege ne. Haka na tako a hankali, ƙuguna na ƙara, ina zaginsa a raina har na isa.

Ya jingina da bangon dutse, fuskarsa ta yi fari fat, idonsa a kan ramin, don allona ya juya shi, yau ne karon farko da ya fuskance shi.

“Me ya faru? Ka ji ciwo?”

“Traudl,” ya ce, “yaushe ramin nan ya yi zurfi haka?”

“Tun kafin a haife ka.”

“Wannan kike gani kullum?”

Na so in rama. Wallahi na so, kalmar matsoraci tana kan harshena, shekara da shekaru nake ajiyar ta. Amma na san in ya kwance allon nan ya sauka da ƙafa, ba zai sake ɗaura shi ba. Gaban talabijin zai koma, in rasa shi yana zaune a gabana.

“Ban sani ba,” na ce. “Ban taɓa kallonsa ba.”

“To me kike kallo?”

“Wani sakarai da ke tsakanina da ramin yana surutu.”

Na zagaya na tsaya a gefen ramin, inda ya saba tsayawa, na ba ramin baya, na kafa sandata.

“Kina hauka ne? Ƙugunki fa!”

“Rufe mini baki ka kalle ni.”

Ya kalle ni. Allon ya fara motsi kaɗan-kaɗan, ni ina takawa gefe-gefe ina ba shi labarin mai burodi da limamin coci. Bai ɗauke idonsa daga fuskata ba har muka iso bayan gida.