Auren Kabewar Dela

Likita ɗaya ne ya duba su, rana ɗaya, amma ya raba musu hukunci kamar da gayya. Dela, wadda aka yi wa aiki a gwiwar dama, ya ce kada ta kuskura ta taka matakala sai bayan wata uku. Mijinta Abdallah kuwa, da ciwon suga ya fara yi wa sallama, aka ce ya riƙa hawa yana sauka kullum, ko tumbin nan ya ragu. Suka dawo gida unguwar Madain Fahd a Jidda, kowa yana kwaɗayin takardar ɗan'uwansa.

Abin da ya sa hukuncin ya yi wa Dela ciwo shi ne lambunta. A kan rufin bene yake, sutuhu in ji mutanen Jidda, hawa biyu sama da inda suke zaune, kuma gidan ba lif. Shekara goma sha ɗaya tana tara bokitan fenti da tsofaffin robobi a can, tana cika su da ƙasa. Tumatir, barkono, yakuwa, lalo, na'ana'a, babu wanda ba ta san halinsa ba. Ga shi Fabrairu ta raba, sanyi yana naɗe tabarma, lokacin da aiki ya fi yawa ke nan. A tuge tumatirin da ya gama yayi, a ɗaura shabak, wato ragar inuwa, kafin rana ta fara huce haushinta, a wanke tiyon da ke tara ruwan mukayyif cikin durom, tunda an kusa kunna na'urorin sanyi.

Duk wannan ya faɗo kan Abdallah, mutumin da aka haifa a tsakiyar Omdurman, ya yi shekara talatin yana tuƙa motar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa da Balad, tsohon gari. Ya san kowane lungu na Jidda, amma lalo da ciyawa sai a cikin miya yake bambance su. Kullum da safe ya hau yana nishi da waya a hannu, ita kuma tana ƙasa, ƙafa a miƙe kan matashi, tana ba da umarni ta bidiyo.

"Abu Rahma, hancinka na san shi shekara talatin da biyar," in ji ta. "Juya wayar in ga barkono."

"To, Hajiya. Ga shi."

"Sama kake nuna mini yanzu."

Da tumatir ne kaɗai, da Dela ta yi dariya ta bar wa Allah. Amma akwai kabewa. Kabewa ce mai dogon wuya, irin ta gonar mahaifiyarsu a bakin kogi, can ƙasar Sinnar. Ƙanwarta Sadiyya ce ta gaji gonar, ita ce kuma ta aiko mata da irin shekarun baya, a ƙulle cikin tsumma. Da yaƙi ya iso garinsu, Sadiyya ta fita da 'ya'yanta da kayan jikinta kawai, rumbu da iri duk suka tafi. Yanzu tana Kasala, a ɗaki ɗaya cikin gidan dangin miji. Dela ta buɗe gwangwanin shayin da take ajiye irin a ciki, ta tarar saura ƙwaya bakwai, ta shuka su duka. Biyu suka tsiro, ɗaya ta rayu. Ba ta gaya wa Sadiyya ba, don tana tsoron ta sa mata rai abin ya zo bai yi ba.

Kabewar ta yi yaɗo har ta kama ƙarfen dish, ta yi ta fure, amma duk maza. Sai ranar Talata Dela ta hango mata guda biyu ta cikin waya, kowace da ɗan ƙulli a gindinta, ɗaya ta kusa buɗewa, ɗaya tana biye. Matsalar ita ce ƙudan zuma ba su san hanyar hawa na biyar a Madain Fahd ba. Dole mutum ya tsinko namijin fure da hannunsa, ya shafa garinsa a cikin macen, da sassafe, domin kafin azahar ta rufe, kuma ba ta sake buɗewa. Dela aure take ce wa wannan aiki, haka ta ji uwarta tana faɗa. In zafi ya shigo, furen zubewa zai riƙa yi, shi ke nan an yi sallama da irin.

Daren Talata ta karanta wa Abdallah darasi har sau uku. Laraba da safe ya hau da ƙwarin gwiwa, har da sa tabarau. Wayar kuwa ya cusa ta aljihu, wai hannu biyu aikin yake so. Dela ta yi ta kallon duhun aljihun jallabiya tana jin nishinsa. Can sai ga shi ya sauko yana murmushi, riƙe da fure kamar mai kawo kyauta.

"Na gama. Ga angon ma na kawo miki ki gani."

Dela ta karɓa. A gindin furen ga 'yar kabewa kamar ƙwan tattabara, an yanke ta tsaf da wuƙa.

"Abu Rahma, me ka tsinko?"

"Namijin mana. Na duba na ga wannan ne mai tumbi, sauran duk sirara ne. Na ce ai magana ta ƙare."

Wata rana za ta ba da wannan labari har hawaye su zubo mata don dariya. Ran nan dai hawayen na gaske ne suka zo. Ta riƙe 'yar kabewar a tafin hannu, ta tuna Sadiyya, ta yi kuka sosai. Abdallah ya tsaya ya rasa inda zai sa kansa, ya cire tabarau ya mayar. Da ya ga abin ba na ƙare ba ne sai ya koma sama ba wanda ya aike shi, ya ɗaura shabak ɗin nan da ya yi sati yana yi wa alkawari.

Da la'asar maƙwabciyarsu Areej ta shigo da kwanon shurba. Areej jikar alhazan Kano ce da suka zo aikin hajji suka zauna, a Jidda aka haife ta, Hausarta ta ji ce, ita ma rabi da rabi. Ta tarar Dela tana waya da Abdallah, wanda har lokacin yana sama.

"Gobe da safe za a ɗaura, kafin rana ta yi," Dela take cewa. "A nan sutuhu. Amarya ɗaya gare ni, ba ni da wata. Kuma ka duba ango da kyau tun yau, kada a sake jin kunya."

Areej ta ajiye kwano, idanunta suka yi waje, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta yi sallama a gurguje, ko zama ba ta yi ba. Dela ta ɗauka girki ta bari a wuta.

Alhamis, gari na wayewa, Dela ta riga ta yanke shawara. Ta ɗaura zane, ta ɗauki sandarta ta asibiti, ta lallaɓa ta nufi ƙofa. Ba ta kai ba ta ji gyaran murya. Rahma ce, 'yarsu tilo, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗauki takardar likita kamar aya.

"Yumma, ina zuwa?"

"Iska zan sha."

"Iskar da ke hawa na biyar? Wallahi ba ki taka matakalar nan. Matakala talatin da biyu ce, na ƙirga. In gwiwar ta buɗe, sabon aiki za a yi miki."

"To ke ki hau ki yi."

"Ni da ban taɓa shuka ko albasa ba? In na ɓata ta fa?"

Gaskiya ta faɗa, kuma Dela ta sani. Abdallah yana gefe ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai ko za a yanka shi ba ya sake taɓa furen nan. Agogon bango ya nuna bakwai saura. Ga fure can a buɗe yana jira, ga Dela nan tsaye da sanda.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Rahma na buɗewa ƙamshin turaren wuta ya riga kowa shigowa. Areej ce a gaba da butar gahawa, bayanta yayarta Zakiya da tiren ma'amul, cincin mai dabino a ciki, sai Shahad ta hawa na ɗaya da kwalin dabino, duk sun sha ado a ƙarƙashin abaya. Kafin wani ya yi magana Areej ta rungume Rahma ta rangaɗa guɗa.

"Alf mabruk ya arusa! Khala Dela, wallahi ni fushi da ke. Milka, ɗaurin aure a gida, kuma ba ki faɗa ma maƙwabta? Ana simi't, na ji da kunne na, amarya ɗaya, ango, sutuhu!"

Rahma ta dubi uwarta. "Yumma, aure za a yi mini ban sani ba?"

Dela ce ta fara ganewa. Dariya ta kama ta har sai da ta jingina da bango, ta kasa magana, sai nuna sama take yi da sanda. Abdallah ne ya daure ya yi bayani, da Larabci don kada a sake samun kuskure, har da labarin mai tumbi, tunda ya ga ba mafita. Zakiya ta ajiye tire ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Areej kuwa kunya ta rufe ta, amma ba ta daɗe ba, domin da Dela ta kai ga zancen Sadiyya da ƙwaya bakwai, dariyar kowa ta tsaya.

"Yaʿni yau bas?" Areej ta tambaya. "In ba yau ba, khalas, shi ke nan?"

"Khalas," in ji Dela.

Areej ta dubi kujerar roba da ke bakin ƙofa, ta dubi Rahma. "Daktor ya ce kar ta taka. Ya ce kar a ɗauka ta?"

Rahma ta tuna abin da ke cikin takardar likita, ta ga ba inda aka hana hakan. Faɗuwa ta zo daidai da zama, ga mata huɗu majiya ƙarfi a falo. Aka zaunar da Dela, aka ɗaure ƙafar da mayafi a kan matashi, kowace ta kama ƙafar kujera ɗaya. Abdallah ya wuce gaba da butar gahawa da kaskon turare, yana faɗin "a hankali, a hankali" kamar mai ba babbar mota hannu. A kowace kwana sai an sauke an huta. Dela tana sama tana salati, tana kuma gaya musu cewa ita ba nauyi gare ta ba, kujerar ce.

Da aka turo ƙofar sutuhu, iskar safe daga teku ta doke ta. Sati shida rabonta da wurin. Shabak ɗin a karkace yake, an ɗaure shi da igiyar shanya, yakuwa ta sha ruwa har ta gaji, amma komai yana raye. Ta dubi mijinta ta yi masa murmushi.

Furen yana nan, ya buɗe faɗin tafin hannu, ruwan ɗorawa shar. Aka ajiye kujerar dab da shi. Dela ta zaɓi namiji mai siririn wuya, ta tsinke, ta zare masa ganyen furen har saura tsinken gari. Ta yi bismilla, ta shafa a hankali, ta sake shafawa, ta kawo na biyu ta ƙara don kada a yi ƙwauro. Sannan ta tattara bakin furen ta ɗaure da zaren da ta ciro daga gefen mayafinta.

"An ɗaura," ta ce.

Areej ta saki guɗa, Zakiya da Shahad suka karɓa, har tattabarun gidan maƙwabta suka tashi. Wani tsoho ya leƙo daga benen da ke kallonsu ya ɗaga hannu yana ta mabruk, Abdallah ya amsa masa da fara'a kamar uban amarya. A nan aka sha gahawa aka ci ma'amul. Rahma ta ƙwace na biyu daga hannun babanta, ta ce sugansa bai san biki ba.

Daga nan sai jira. In auren bai kama ba, ƙullin zai yi rawaya ya faɗi. Kullum Abdallah ya hau, yanzu har sau uku a rana, ya kuma koyi riƙe waya. Rana ta uku ba a ga canji ba, Dela ta kasa cin abinci. Rana ta shida ya ajiye lemon tsami kusa da ƙullin don a gwada, kabewar ta fi shi, koriya, wuyanta ya fara fitowa.

Dela ta ɗauki hoton ta tura Kasala. Ta danna wayar za ta yi magana, ta goge, ta sake, har sau uku. A ƙarshe ta ce, "Sadiyya, duba ki gani ko kin san wannan."

Har bayan azahar shiru. Sai ga saƙon murya ya shigo. Da farko ba a jin komai sai hayaniyar yara da numfashi. Can muryar Sadiyya ta fito, a dishe.

"Yaya, ta Inna ce. Wuyan nan ko a mafarki na san shi." Ta ja hanci. "Kada ki yanke ta sai kututturen ya bushe ƙamas. Irin kuma a inuwa za ki shanya, ba a rana ba, na san halinki da gaggawa. Akwai wani ɗan fili a bayan gidan nan, jiya ma na tsaya ina kallonsa. Ki aiko mini kafin damina."