Karkatacciyar Ƙofar Inna

Kafinta mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko gaisuwa ya je gidan wani, in ya hango hoto ya jirkice a bango, sai ya miƙe ana tsakiyar hira ya daidaita shi. To, irin wannan bawan Allah ne aka jarrabta da ƙofar gidan mahaifiyarsa.

Gidan Inna na cikin ƙananan gidajen dutse da ke jere a tsohon layi, bayan kasuwa. Ɗaki biyu ne da kicin, rufinsa ƙasa-ƙasa, bangonsa kuwa kauri gare shi, har jikoki kan kwanta a bakin taga su yi barci. Komai na gidan Kafinta yana so, ban da ƙofar. Baƙin katako ce mai nauyin tsiya, samanta ya fi ƙasanta faɗi, in an tura ta sai ta yi wani dogon kuka da ake ji har ƙarshen layi. Abokan sana'arsa sun mai da ita abin tsokana, shi kuma abin yana cinsa a rai. Sau da yawa ya zo da zarto da guduma, Inna ta kore shi da tsintsiya.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a faɗaɗa hanya. Gidan da aka amince na tarihi ne za a bar shi, hanya ta kauce masa, sauran kuwa sai katafila ta rushe su. Gidan Inna ne na farko a layin, shi za a fara ci. Aka ce wata jami'a daga ofishin adana gine-ginen tarihi za ta zo ta duba da idonta.

"Inna, baƙuwa ba za ta ga wannan ƙofar ta ɗauke mu da daraja ba," in ji Kafinta. "Cewa za ta yi gidan ya gama yayi. Ki bari in sa sabuwa, don gidan ya tsira."

Inna ta daɗe tana kallon ƙofar. A gidan nan aka haife ta, a nan ta haife shi, ba ta da wani wurin da take kira gida.

"In dai don gidan ne, yi abin da ka gani," ta ce.

Ya ƙera ƙofa miƙaƙƙiya sambal, ya shafe ta da fenti mai ƙyalli. Wajen sa ta ne ya sha wuya, don ta ƙi zama. Ya fere nan, ya cusa ɗan katako can, yana ta yi wa bango faɗa, har dai ta shiga da ƙyar. Tsohuwar kuma, da yake ba teburin kirki a gidan, ya kwantar da ita kan benci biyu a ɗakin Inna, ya lulluɓe ta da zane mai fure, don a samu wurin ajiye wa baƙuwa shayi.

Da hantsi jami'ar ta iso, 'yar siririya mai tabarau, riƙe da wani tsohon hoto. Ta shafa duwatsun bango tana murmushi. Da ta zo bakin ƙofa sai murmushin ya ɗauke. Ta dubi hoton, ta dubi ƙofar, ta sake duban hoton. Kafinta ya gyara tsayuwa yana jin daɗi, a zatonsa kyawun aikin ne ya ɗaure mata baki.

Ta shiga wajen Inna, shi kuma ya tsaya waje yana goge fenti da hannun riga. Sai iska ta buga ƙofar ta rufe. Ya murɗa, ya tura, ya sa kafaɗa, ko gezau. Ya zagaya taga da gumi a goshi.

"Malama, a yi haƙuri, yanzu zan buɗe."

"Ba komai, Malam Kafinta," ta ce, muryarta a sanyaye. "Amma gara ka ji gaskiya. Wannan hoton ne ya kawo ni, saboda ƙofar da ke ciki. Ita ce hujjata mafi ƙarfi. Ba ita, zai yi mini wuya in kare gidan."

Kafinta ya dafa bakin taga. Garin neman gira, ga shi yana shirin rasa ido. Kunya ta hana shi faɗin inda ya kai tsohuwar ƙofar.

Inna kuwa ta ɗauko buta. Ta zuba shayi, ta ajiye kofin a tsakiyar teburin, ta naɗe hannu. Kofin ya fara sulalewa a hankali, ya nufi gefe kamar mai zuwa aike. Jami'ar ta cafke shi, ta ɗaga bakin zanen don ta ga abin da ke damun teburin, sai ga baƙin katako da manyan ƙusoshi irin na maƙeran da. Ta yaye zanen gaba ɗaya, ta fashe da dariya har sai da ta cire tabarau.

"Inna, ashe a kanta nake shan shayi!"

Ta bi gefen katakon da yatsa, ta kira Kafinta ya matso da kansa cikin taga. "Duba nan. Ba kuskure ba ne. Bangon ne ya jingina, wanda ya yi ƙofar ya bi shi daidai wa daida."

"Kakanka ne," in ji Inna. "Shekarar da aka yi ruwa mai yawa bangon ya ɗan kwanta. Aka ce ya rushe ya sake, ya ce bangon ya girme shi, kuma ƙarami ne ke rusuna wa babba."

"Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka taɓa tambaya? Kullum da zarto kake zuwa."

Sai da ya kwance sabuwar ƙofar daga waje kafin matan su fito. Maƙwabta suka taru suna dariya, shi ma ya shiga ciki, don zuciyarsa ta yi fari ƙal. Suka kama masa tsohuwar, aka ɗaga ta. Ba a fere ba, ba a cusa komai ba, ta zauna a mazauninta lafiya lau. Kafinta ya shafa yankan kakansa, ya ji wani alfahari da bai taɓa ji a kan aikin hannunsa ba.

Hanyar, da aka zo yin ta, sai ta yi 'yar kwana ta bar tsohon layi, aka kafa wa gidan Inna ƙaramin allo a jikin bango. Ranar Kafinta ya zo da gwangwanin mai, wai ko kukan ƙofar ne a rage.

Inna ta riƙe masa hannu.

"Bar mini kayana," ta ce. "Idona ya yi rauni. Da kukan nan nake sanin kai ne ka shigo, don duk gidan nan ba mai tura ta da haushi sai kai."

Ya ajiye gwangwanin, ya fita, ya sake shigowa yana tura ƙofar a hankali.

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Wane ne?"