Ƙaryar da Habu ya yi wa Tani

Wata huɗu cur Malam Abdulmumini bai ce wa kowa uffan ba, tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a lambunsa na albasa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita a Kano ya gaya wa matarsa Tasalla cewa harshen bai mutu ba, nauyi ya yi, amma in aka bar shi ya daɗe kwance, to, zai iya tafiya ke nan. Sai a dinga sa shi magana.

A sa wa? Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Hausa a firamare, daga Bebeji har Doguwa, wanda ko allon mai shayi ya gani da kuskure sai ya tsaya ya gyara? Sau ɗaya ya gwada, ya ji abin da ya fito daga bakinsa, kunya ta kama shi, ya ja baki ya tsuke. Tasalla ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta shiga madafa ta yi kuka. Har 'yarsu Bahijja ta zo daga Ƙafin Maiyaki ta ɗauko tsohon littafin nan mai koren bango da Malam yake ji da shi kamar ransa, labarin Lado falke da aka ba wasiƙa ya kai wani gari mai nisa, ya shekara bakwai a hanya, budurwarsa Tani tana jiran sa. Ta karanta masa tiryan-tiryan, babu tuntuɓe ko ɗaya. Malam ya juya fuskarsa bango.

Ran wata Laraba da hantsi sai ga sallamar Habu masunci. Tare da Malam aka taso su daga ƙauyensu suna samari, lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye shi, ɗaya ya kama alli, ɗaya ya kama koma. Tasalla dai ba ta taɓa gane abin da mijinta ya gani a wannan mutum ba. Ga surutu, ga ƙarnin kifi, ko bihim bai sani ba a boko.

"Maman Bahijja, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam Habu," ta ce, tana harare-hararen tarwaɗar da ya ajiye mata a kan sabuwar tabarma.

Ya zauna gaban Malam a inuwar rumfa, ya hango littafin a gefen filo. "Af, Lado ne! Ai ni ma na haddace shi. Bari ka ji, na mai da shi waƙa." Ya jawo tasar fura ya kife, ya fara ƙwanƙwasawa:

"Lado falke, sarkin sauri,
Ya ɗau wasiƙa tun da wuri,
Shekara bakwai yana tafe,
Hawainiya ma ta riga shi gari."

Tasalla ta ji kamar ta kwaɗa masa muciya. Mutum yana kwance a zo ana yi masa shashanci? Amma da ta dubi Malam sai ta ga girarsa ta hagu ta ɗaga, irin ɗagawar da a da take sa 'yan aji shida su shiga taitayinsu. Ta fasa magana. Habu ya ci gaba:

"Ɓarayi suka tare shi a daji,
Suka zazzage jaka, ba gero ba kaji,
Suka ce, kai, wannan ya fi mu tsiya,
Suka ba shi tuwo har da yaji."

Yatsun Malam suka fara motsi a kan bargo, kamar mai neman jan biro. Habu ko kallon sa bai yi ba, ya ƙara ɗaga murya:

"Tani ta gaji da duban hanya,
Ta ɗaure kaya, ta kife tukunya,
Ta auri masunci mai tarwaɗa,
Lado ya dawo ya same ta amarya."

"Ƙar... ya!"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Tasalla. Kalmar ta fito a karkace, da miyau, amma ta fito.

"Wace ƙarya?" in ji Habu, yana zare ido. "Haka yake a littafin. In ba haka ba, ya aka yi?"

Malam ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya karyo masa. Babu wanda ya taya shi. Can ya juyo da kansa wajen Tasalla, ba wajen Habu ba.

"Ta... jira... shi."

Tasalla ta rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mata, na murna zalla.

Da Habu ya tashi tafiya ta bi shi har soro, abin da ba ta taɓa yi ba. "Malam Habu, ashe ka san ƙarshen labarin?"

"Haba, Maman Bahijja! Sau nawa ya karanta mini shi a bakin dam ina ɗinkin koma? Ranar da muka kai wurin da Tani ta hango shi tafe, sai da na yi hawaye, na ce masa hayaƙi ne." Ya saka takalminsa. "Shi Malam, in aka karanta masa daidai, me zai ce? Ba a bar masa aiki ba."

Ta durƙusa har ƙasa. "Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na raina ka shekara da shekaru, ka yafe mini."

"A'a, tashi, tashi. Ki dai soya kifin nan kada ya lalace. Jibi zan dawo in kashe jakin Lado, mu ga ko zai ƙyale ni."

Tana tsaye tana goge ido sai ta ji murya daga cikin gida, mai nauyi, a hankali, tana harhaɗa sunanta gaɓa-gaɓa. Ta amsa tun kafin ya ƙarasa, ta juya da gudu, takalminta ɗaya ya rage a soro.