Haƙorin Mashkura

"Buɗe bakinka, 'yar Baba," in ji Sista Christina da Hausarta ta 'yan Abuja, karo na huɗu ke nan. "Likita zai duba ne kawai."

Mashkura ta ƙara datse baki. Tana kwance a doguwar kujerar likitan haƙori, ƙafafunta ko rabin kujerar ba su kai ba, dasashinta ya kumbura har ya turo leɓen ƙasa kamar ta ƙunsa goro. Mahaifiyarta Zaituna ta yi rarrashi, ta yi zare ido, duk a banza. Yarinyar nan in ta kafe, sai dai a yi haƙuri.

Mahaifinta Datti na tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa. Wata tara rabonsa da su sai jiya da suka sauka daga motar Legas. Direba ne a ma'aikatar gwamnati, yana cikin waɗanda aka kwaso da hedikwatar ƙasa ta tashi zuwa Abuja. Aka ce su bar iyali tukuna, za a raba gidaje. Shi ya zo, ya tarar da katifa a ɗakin gwauraye a Nyanya, su huɗu, kowa da igiyar shanyarsa. Zaituna da yarinyar suka zauna a Agege. Kullum in ya idar da sallah fuskarsu yake gani, kuma wallahi abin na cinsa, ba ya dai faɗa.

"Wata nawa haƙorin yana girgiɗa?" likitan ya tambaya.

"Biyu," in ji Zaituna. "Ta hana kowa taɓawa. Ko asuwaki ba ta kai shi wurin, abinci ma ta gefe take ci. Na ce a cire a can, ta yi ta birgima a ƙasa."

"To me ya sa?"

Zaituna ta juyo ta dubi mijinta. "Malam, kai za ka faɗa."

Kunya ta rufe Datti. Shi ba gwanin wasiƙa ba ne, kaset yake ɗauka ya ba direbobin da ke zuwa Legas. Da Zaituna ta aiko masa cewa yarinya ta fara famfara, daɗi ya ɗebe shi ya ce a kaset: Mashkura, ki adana mini haƙorin nan, ni da ke za mu jefa shi a kan rufin sabon gidanmu na Abuja. Magana ce ta uba, ya faɗa ya manta. Ita kuwa ta yi ta juya kaset ɗin har rediyo ya tauna shi.

Ya matso ya durƙusa kusa da kujerar. "Ga ni, ai na zo. Bari likita ya cire, yau za mu jefa."

Ta dube shi tsaf, irin kallon da ake yi wa baƙon da aka ce ɗan'uwa ne. Wannan kallon ya fi komai yi masa ciwo. Can ta ce ta cikin haƙora, "Za a ba ni abina?"

"Za a ba ki."

Ta buɗe. Likita ya shafa mata maganin kashe zafi, kafin ta gama runtse ido haƙorin ya fito, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Sista Christina ta naɗe shi a auduga ta danƙa mata.

"Madam, ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, kwana biyar," likitan ya ce wa Zaituna. "A riƙa goge mata baki da buroshi mai laushi, a rage alewa. Da kun ƙara mako guda da sai mun yi maganar ƙurji. Kai kuma oga, ka riƙa lura da abin da kake gaya wa yara."

Datti ya ce to, ya ɗauki katin asibiti.

Ogansa ya ba shi motar ofis zuwa la'asar, wata farar fijo mai ƙarar salansa. Suna fita daga asibitin Mashkura ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Zafi yake yi?" ya tambaye ta.

Ta girgiza kai.

"Ƙadangare take gudu," in ji Zaituna. "Yaran layinmu suka ce mata in ƙadangare ya ga giɓin kafin a jefa haƙori a rufin gida, sabo ba zai fito ba. Ka ga aikin da ka ja mana."

Ya yi dariyar yaƙe ya tayar da mota. Ina zai kai ta? Ɗakin gwauraye ba gida ba ne. Gidan abokinsa Saleh da suka sauka, na Saleh ne, matarsa ma da ƙyar ta matsa musu wuri na kwana uku. Sai ya samu kansa yana bin hanyar da yake bi duk Juma'a shi kaɗai, zuwa sababbin benayen da aka ce na ma'aikatarsu ne.

Ga su nan reras, hawa huɗu huɗu, fenti sabo, tagogin gilashi, tsakar gida duk jar ƙasa da ɓaraguzan bulo. Rana ta take, ko inuwar kirki babu. Datti ya daɗe da zaɓar nasa a zuciya, na biyu daga ƙarshe, mai baranda. Ya san inda zai kafa gadon Mashkura. Ya san ta inda Zaituna za ta riƙa hango shi in ya dawo aiki.

"Wanne ne namu?" Mashkura ta tambaya ta bayan hannunta.

Datti ya sosa ƙeya. Zaituna ta kau da kai.

"Ɗaya daga ciki," ya ce. "Ba a gama rubuta suna ba."

Yarinyar ta ɗaga kai sama, ta yi ta ɗagawa har ɗankwalinta ya zame. Rufin ma ba a hango shi daga ƙasa. Ko shi Datti da ƙarfinsa na namiji ba zai kai jifa can ba. Wani maigadi ya taso daga kan benci yana kaɗa sanda.

"Malam, lafiya? Ba a tsayawa a nan sai mai takarda."

"Ma'aikaci ne ni. Sunana na cikin lis ɗin rabon gidaje."

"Kowa ma yana cikin lis," in ji maigadin. "Kawo takarda in buɗe maka."

Suka koma mota. Datti ya riƙe sitiyari bai kunna ba. Gumi na bin wuyansa.

"Malam," Zaituna ta ce a hankali, don kada yarinya ta ji, ita kuwa tana ji sarai. "Jiya matar Saleh ta gaya mini abokin ɗakinka Enoch ya samo maka ɗaki ciki da falo a Jikwoyi, wajen kawunsa, tun kafin azumi. Ta ce ka ƙi."

"Ƙauye ne, Zaituna. Ginin ƙasa. Ba famfo, ba wuta, rijiya ce a bayan gida. Kuma ana cewa duk wanda aka ji ya samu wurin zama, sai a mayar da sunansa ƙasan lis. Ni in ɗauko ku daga Legas in kai ku can? Me mutanen Agege za su ce?"

"Mutanen Agege ba su suke kwana su kaɗai ba." Ta gyara mayafinta. "Ni ban auri famfo ba. Na gaji da jin muryarka a rediyo, wallahi na gaji. Yarinyar nan in an buga ƙofa sai ta ruga, ta dawo ta zauna shiru. Jibi za mu hau mota, ban san kuma sai yaushe ba. Ba na so in koma, na faɗa maka gaskiya."

"Saura kaɗan. An ce bayan Sallah."

"An ce bayan Kirsimeti ma."

Datti ya juya ya dubi benayen. Albert, masinjan ofishinsu, shekararsa uku a lis ɗin nan, har 'yarsa ta yi aure a Legas bai je ba. Datti ya sani, ya dai saba kau da tunanin.

Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa daga baya. Mashkura ce ta miƙo audugar, ɗaya hannun na kan bakinta.

"Baba, riƙe."

"A'a, naki ne."

"Ka ajiye a wurinka. In an rubuta sunanka sai ka aiko mu zo mu jefa." Ta danƙa masa audugar. "Ba komai. Zan rufe bakina har lokacin. A makaranta ma ba zan yi dariya ba."

Da gaske take, ya san halinta. Wadda ta riƙe haƙori mai ciwo wata biyu, rufe baki ba zai gagare ta ba. Ya dubi audugar a tafin hannunsa, da ɗan ɗigon jini a jiki. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi kamar gumi yake sharewa. Kai, wannan lis ya cuce shi.

Ya mayar mata da audugar, ya tayar da mota.

Ya kama hanya har suka wuce Nyanya. Da ya karya kwana ya hau hanyar Karshi da ta bi ta Jikwoyi, Zaituna ta juyo ta dube shi. Kwalta ta ƙare, fijo ta shiga tsalle a kan burji, akuyoyi na tsallaka hanya yadda suka ga dama.

Kawun Enoch, wani dattijon Bagwari mai suna Zacharias, yana gyaran dankali a gindin mangwaro. Ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Direba. Na ce ka fasa ne."

"Baba, ɗakin yana nan?"

"Yana nan. Doya na zuba a ciki, yanzu sai a kwashe."

Ɗakin na gefen gidan, bangon ƙasa da yaɓen siminti rabi, ƙofar langa-langa, rufin kwano wanda dogon mutum zai iya taɓa bakinsa da hannu. Zaituna ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa bango, ta zagaya ta ga rijiyar, ta dawo tana kaɗe zani.

"Zai yi," ta ce. "Taga dai sai an sa raga, saboda sauro."

Mashkura ta tsaya a gaban ƙofar, hannu a baki, tana kallon wani jan-gwada da ke gyaɗa kai a kan bango.

"Wannan namu ne?"

Datti ya tuna barandar nan da ya zaɓa a zuciya. Ya ji zafin rabuwa da ita har cikin ransa, ba ƙarya.

"Namu ne," ya ce.

"Ba sai an rubuta suna ba?"

"Ba sai an rubuta ba."

"A nan za ka riƙa kwana? Da mu?"

"Da ku."

Ta warware audugar da hannu ɗaya. Ya sunkuya zai ɗaga ta, ta ce a'a, za ta iya. Ta ja da baya taku uku, ta juya wa ƙadangaren baya don kada ya gani, ta wurga. Kwanon ya ce ƙwas.

Ta tsaya ta saurara ko zai gangaro. Bai gangaro ba. Sannan ta sauke hannunta daga baki, ta juyo ta washe masa giɓin gaba ɗaya.

"Malam," in ji Zaituna daga cikin ɗaki, "bar kallonta haka nan, zo ka kama mini doyar nan."