Awarwaron Delphine

Wani dare bayan cin abinci, Orval Haataja ya ji rikodarsa ta yi wani irin kuka, ƙiii, kamar ɓera ya faɗa gwangwani. Ta tauna zaren kaset ta tsinka shi. Kaset ɗin nan kuwa shi kaɗai ya rage mai muryar marigayiya matarsa, Lenore, tana faɗin yadda ake miyar kifi tana dariya.

Da can, gyaran minti biyar ne. Shekara talatin ya yi a wani ɗakin bincike a birnin Duluth, yana ɗiga ruwan garin ƙarfe a kan zaren kaset da faifai, yana leƙa su a madubin ƙara girma. A cikin madubin, sautin da aka ɗauka kan fito layi-layi, kamar kunyoyin gona. Amma yanzu amosanin gaɓɓai ya karkace masa yatsu, ko maɓallin riga sai ya yi da gaske.

Saboda kaset ɗin ya shiga ajin masu amosani da ake yi duk Talata a ɗakin ƙasa na coci. Malamar ta koya musu jiƙa hannu a ruwan ɗumi, da naɗa soso a jikin abin riƙo, da hutawa kafin ciwo ya taso.

Da aka tashi, maƙwabciyarsa Delphine, wata gwauruwa mai surutu, ta kama hannunsa, ta zaro wani awarwaro.

"Kawo nan, tsoho mai taurin kai. Maganaɗisu ne, yana tsotse ciwo."

"Haba Delphine, ni za ki koya wa maganaɗisu? Ba abin da yake tsotsa sai ƙusa."

"To ai kai ma ka yi tsatsa!"

Ta ɗaura masa awarwaron. Shekara huɗu rabon da wani ya taɓa masa hannu, sai ya ƙyale shi. Bayan kwana biyu har ya manta yana hannunsa.

Ran Asabar ya jiƙa hannu, ya naɗa soso a hantsaki, ya warware zaren a kan tebur. Yana yi yana hutawa, har ya haɗe shi tsaf. Ya kunna. Lenore ta ce, "Sai ka zuba madara," daga nan muryarta ta dushe, sai shuuu.

Ya yanko ɗan guntu daga wurin, ya ɗiga ruwan, ya leƙa madubinsa na gida. Kunyoyin sun baje, kamar ruwan sama ya bi ta kansu. Duk inda wuyan hannunsa mai awarwaron ya goga, maganaɗisun ya share sautin. Dariyar tana cikin abin da ya tafi.

Yana nan zaune Delphine ta leƙo ta ƙofar kicin da kwanon biskit.

"Iye, yatsu sun tashi! Faɗi gaskiya, Orval, abin nawa ya yi aiki ko bai yi ba?"